Gwanin Yi da Gwanin Koyarwa

Akwai wata tambaya da ta daɗe a bakin mutane. Mutumin da ya gwanance a kan wani aiki, ko gwanintarsa ta isa a ɗora shi bisa waɗansu domin ya koya musu? Yawancinmu za mu amsa da sauri mu ce ta isa mana. Wa ya fi sanin ƙira in ba maƙerin da garmarsa ta yi suna ba? Wurin wa za a kai yaro ya koyi ɗinki in ba wurin telan da rigunansa su ke kaiwa kasuwanni masu nisa ba? Amsar nan tana da gaskiya a cikinta, amma ba dukan gaskiyar ke nan ba.

A wannan wata muna so mu auna tambayar da labarin waɗansu mutanen Amurka, 'yan wasan ƙwallon kwando, waɗanda suka gama wasan kuɗi suka koma jami'a aka naɗa su shugabannin horar da samari. Mun zaɓi labarinsu domin a can kome a ƙidaye ya ke. Ana rubuta wasan da mutum ya ci da wanda aka cinye shi, ba dama a rufe da yabo. Abin da a wani aiki a kan yi shekaru ana gardama a kansa, a can a kan gan shi a fili.

Wasan da jami'o'in Amurka

Wani malami ɗan ƙasar Kanada, James Naismith, shi ya ƙago wasan nan cikin watan Disamba na 1891 a garin Springfield, a makarantar horar da ma'aikatan ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA. Sanyi ya hana 'yan makaranta wasa a waje, sai ya kafa kwanduna biyu a bisa cikin ɗaki, ya ce su jefa ƙwallo a ciki. Daga nan sunan ya fito. Watau tun daga haihuwarsa wasan nan kayan aikin malami ne, domin gyaran samari aka yi shi. Mutum biyar biyar ne su ke karawa. Bakin kwandon yana ƙafa 10 daga ƙasa, domin wannan dogayen mutane su ke da riba a ciki.

A Amurka wasan yana da manyan matakai biyu. Na ƙasa shi ne na jami'o'i, inda samari 'yan shekara 18 zuwa 22 su ke wasa, jami'a kuwa tana ɗauke musu kuɗin karatu. Jami'o'i fiye da 350 ne a rukuni na fari. Kowane watan Maris a kan zaɓi fiye da 60 daga cikinsu su yi babbar gasa ta ƙasa duka, wanda aka cinye sau ɗaya ya koma gida. Na bisa shi ne NBA, inda manya su ke wasa domin albashi mai yawa. Ƙofar shiga NBA ƙunƙunta ce ƙwarai, gama wajen mutum 60 ne kaɗai a ke zaɓa a zaɓen kowace shekara, samarin jami'o'i kuwa dubbai ne. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, za mu komo kansa.

Shugaban horarwa, wanda a ke kira koci, shi ne uban ƙungiya. Yana tsara dabarun wasa, yana zaɓen mataimaka, yana tafiya gida gida yana zama da iyaye yana roƙo su ba shi 'ya'yansu. Idan yaro ya faɗi jarrabawa, ko ya shiga mugun taro, shi a ke tambaya.

Malamin da ya zauna a benci

John Thompson haifaffen birnin Washinton ne, baƙar fata, tsawonsa ƙafa 6 da inci 10. A 1964 ƙungiyar Boston Celtics ta ɗauke shi, ita ce kuwa ta fi kowace ƙarfi a zamanin. Amma a wurin da ya ke tsayawa cikin fili akwai Bill Russell, gwanin da ba a cika hutar da shi ba. Saboda haka Thompson ya yi shekara biyu yawancin lokaci yana zaune a benci yana kallo. Ƙungiyar ta ci kofi cikin shekarun nan biyu duka, amma ba wanda ya ce da hannunsa aka ci. A 1966 ya bar wasan kuɗi, ya koma garinsu, ya kama horar da yara a wata makarantar sakandare mai suna St. Anthony. Shekara shida ya yi a can.

A 1972 Jami'ar Georgetown, wadda ta ke cikin Washinton ɗin, ta kira shi. Kafin zuwansa ƙungiyarta ta ci wasa 3, aka cinye ta 23. Cikin abubuwan da ya fara yi, ya ɗauki wata malama, Mary Fenlon, aikinta ta bi karatun 'yan wasa ɗaya ɗaya, har a benci ta kan zauna tare da su ranar wasa. A bisa teburinsa kuma ya ajiye wata ƙwallo da ta sace, ba iska a cikinta. Kowane yaro ya shigo ofishinsa sai ya gan ta. Ma'anarta ita ce, wata rana iskar za ta fita daga wasan kowa, ko ta wurin rauni ko ta wurin tsufa, kada mutum ya jingina dukan ransa a kan abin da iska ce ta cika shi.

Sai da ya yi shekara 12 kana ya ci kofin ƙasa. A 1984 Georgetown ta cinye Jami'ar Houston, wadda Hakeem Olajuwon ɗan Legas ya ke yi wa wasa, da maki 84 da 75. Thompson ya zama baƙar fata na fari da ya ci kofin nan yana shugaban horarwa. Amma mutanensa sun fi tuna shi da waɗansu abubuwa. A watan Janairu na 1989 aka kafa wata doka da za ta hana taimakon kuɗin karatu ga sababbin ɗalibai waɗanda makin jarrabawarsu bai kai ba. Ya ga 'ya'yan talakawa za ta fi cuta, sai ya fita daga fili a gaban taro kafin a fara wasa, ya ƙi zama. Daga baya aka sassauta dokar. A cikin shekarar nan kuma ya ji wani babban dillalin miyagun ƙwayoyi yana abota da waɗansu yaransa. Ya aika aka kira shi ofis, ya gargaɗe shi ido da ido ya rabu da su. Bayan 'yan shekaru uwar Allen Iverson ta zo ta roƙe shi ya karɓi ɗanta, wanda ya taɓa shiga kurkuku, sauran jami'o'i kuma sun janye daga gare shi. Ya karɓe shi a 1994. A 2016, ranar da aka shigar da Iverson cikin jerin manyan gwanayen wasan, ya tsaya gaban jama'a ya gode wa Thompson, ya ce shi ya ceci ransa.

Ɗalibin da ya fi malaminsa suna

Gwanin da ya ci wa Thompson kofin 1984 shi ne Patrick Ewing. An haife shi a Kingston ta ƙasar Jamaika a 1962, ya zo Amurka yana ɗan shekara 12, ya yi tsawo har ƙafa 7. Sa'anda ya ke wasa a Georgetown, magoya bayan waɗansu jami'o'i sukan ɗaga alluna suna yi masa ba'a wai bai iya karatu ba. Akwai ranar da Thompson ya fitar da ƙungiyarsa daga fili sai da aka sauke allon. Ewing ya daure, ya cika shekararsa huɗu, ya karɓi digiri a 1985. Cikin shekarun nan huɗu sau uku ya kai jami'arsa wasan ƙarshe na ƙasa.

A 1985 shi aka fara zaɓa cikin dukan masu shiga NBA, ƙungiyar New York Knicks ta ɗauke shi. Ya yi shekara 17 a NBA, 15 daga ciki a Knicks. Ya ci maki fiye da 24,000, sau 11 aka sa shi cikin zaɓaɓɓun gwanaye na shekara, sau biyu ya ci zinariya a wasannin Olamfik, a 1984 da 1992. Kofin NBA ne kaɗai ya kuɓuce masa. A 1994 ya kai wasan ƙarshe, sai ya sake gamuwa da Olajuwon, wannan karo ɗan Legas ya rama.

Da ya bar wasa a 2002, Ewing ya yi abin da gwanaye irinsa ba su cika yi ba. Ya zama mataimakin mai horarwa, yana zama a kujerar baya yana karɓar umurni daga mutanen da ba su taɓa kai rabinsa a fili ba. Wajen shekara 15 ya yi haka, a Washinton da Houston da Orlando da Charlotte. Ya koyar da dogaye irin su Yao Ming da Dwight Howard. Ya nemi shugabancin ƙungiya a NBA, aka yi ta tsallake shi. A watan Afrilu na 2017 Georgetown ta kira ɗanta gida, ta ba shi kujerar da malaminsa ya zauna a kai shekara 27.

Thompson ya rasu a watan Agusta na 2020. Cikin kakar wasan da ta biyo, masu hasashe suka sa Georgetown a ƙarshen jerin rukuninta, wanda a ke kira Big East. Ga mamakin kowa, a watan Maris na 2021 ta ci kofin rukunin, a cikin zauren nan na New York inda Ewing ya yi wa Knicks wasa shekara 15. Mutane suka ce lalle ɗa ya gaji ubansa. Amma a kakar da ta biyo, ƙungiyar ta yi wasa 19 cikin rukuninta ba ta ci ko ɗaya ba. Jimlar shekarar, ta ci 6, aka cinye ta 25. Jami'a ta bar shi a kan kujera. Shekara ta kewayo, aka ci 7, aka rasa 25. Sai da aka jera wasa 29 na rukuni ba nasara kafin a ci ɗaya. A watan Maris na 2023 aka sallame shi. Cikin shekara shida ya ci wasa 75, aka cinye shi 109.

Ga mutum biyu, jami'a ɗaya, kujera ɗaya. Wanda ya zauna a benci ya gina gida, wanda duniya ta san sunansa ya kasa riƙe shi. Ba kuwa Ewing kaɗai ba ne. Clyde Drexler, abokin wasan Olajuwon, ya bar NBA a 1998, nan da nan aka ba shi ƙungiyar Jami'ar Houston inda ya yi karatu. Ya ci 19, aka cinye shi 39, ya ajiye aikin bayan shekara biyu. Chris Mullin ya koma Jami'ar St. John's a 2015 bai taɓa horar da kowa ba, ya tashi a 2019 da ci 59 da rashi 73. Mene ne dalili?

Inda ayyukan biyu suka rabu

Na fari, sanin ɗan wasa a jikinsa ya ke. Abin da aka ba mutum kyauta, da wuya ya iya faɗin yadda ya ke yinsa. Ka tambayi mai zaƙin murya yadda ya ke kai muryarsa can bisa, za ya ce maka, ai haka a ke yi, ya rera maka, kai kuwa ba ka ƙaru da kome ba. Wanda ya sha wuya kafin ya iya abu, ya san kowane tudu da kwari na hanyar, domin ya faɗi a cikinsu. Mai zama a benci yana ganin mutum goma a fili gaba ɗaya, yana lura da wanda ya makara da wanda ya tsorata. Gwani kuwa shi a ke kallo, sauran suna kai masa ƙwallo. Domin wannan sau da yawa gwani ya kan rasa haƙuri da yaron da ya kasa yin abin da shi bai taɓa ganin wuyarsa ba.

Na biyu, ɗan wasa yana cin nasara da hannunsa, mai horarwa sai da hannun wani. Sa'anda wasa ya yi tsanani Ewing ya kan ce a ba shi ƙwallo, ya jefa da kansa. Mai horarwa ba shi da iznin ƙetare layi. Tilas ya tsaya a gefe ya ga yaro ɗan shekara 18 yana ɓata abin da aka koya masa jiya. Zafin zuciya da ke sa ɗan wasa ya ƙi yarda a cinye shi, idan ya rasa mafita, ya kan zama abin tsoro. Juwan Howard ya yi shekara 19 a NBA, ya koma Jami'ar Michigan a 2019, har aka zaɓe shi mai horarwa mafi kyau na 2021. A watan Fabrairu na 2022, bayan Jami'ar Wisconsin ta cinye su, ana cikin gaisawar ƙarshen wasa gardama ta tashi, ya kai wa wani mataimakin abokan karawarsu hannu a fuska. Nan take samari suka shiga dambe. Aka dakatar da shi wasa biyar, aka ci shi tarar dala 40,000, aka dakatar da yara uku. Ya nemi gafara daga baya. Abin lura shi ne, da babba ya ɗaga hannu, yara ba su tsaya tambaya ba.

Na uku, 'yan wasan jami'a 'ya'yan mutane ne, amana ce aka ba da. Rabin aikin ba a fili a ke yinsa ba. Nemo yaro, da rarrashin uwarsa, da riƙe shi sa'anda ransa ya ɓaci domin ba a sa shi wasa, duka aikin koci ne. A nan ne shekarun Ewing 15 ba su shirya shi ba. A NBA ofis ne ke ɗauko 'yan wasa, manya ne, yarjejeniyar albashi ta ɗaure su, mataimaki ba ya zuwa gidan kowa roƙo. A Georgetown yaransa suka yi ta tashi suna komawa waɗansu jami'o'i. A watan Disamba na 2019 kaɗai huɗu suka tafi. Daga 2021 kuma aka sauƙaƙa dokar canjin jami'a, aka yardar wa ɗalibai su karɓi kuɗi ta wurin sunansu, riƙon yaro ya ƙara wuya ga kowa. Kusan kowace shekara sai ya fara gini da sababbin mutane. Ya ƙasƙantar da kansa ya koyi aiki, wannan gaskiya ne, amma aikin da ya koya dabam ne da wanda aka ba shi.

Wata gardama mai ƙarfi

Wani za ya ce, to, ashe sai a hana gwanaye shugabanci ke nan, a nemo 'yan benci? Ko kaɗan. 'Yan benci da yawa sun gwada aikin nan sun kasa, ba a dai rubuta labarinsu domin ba wanda ya san su. Akwai kuma gwanin da ya iya duka biyu. Dawn Staley ta ci zinariyar Olamfik sau uku, a 1996 da 2000 da 2004. A shekara ta 2000 Jami'ar Temple, a garinsu Filadelfiya, ta roƙe ta ta horar da 'yan matanta, tana kan wasan kuɗi tukuna. Da fari ta ƙi, kana ta yarda. Sunanta ne ya buɗe mata ƙofa, ba shakka. Amma ƙungiyar da aka ba ta ta daɗe ba ta yi abin kirki ba, ba wanda ya sa mata ido ta kawo kofi gobe, ta sami sarari ta yi kuskure ta gyara. Shekara takwas ta yi a can, ta ci wasa 172, aka cinye ta 80. A kan wannan shaida Jami'ar South Carolina ta ɗauke ta a 2008. Can ma shekara biyu na fari rashinta ya fi cinta yawa. Sai a 2017 ta ci kofin ƙasa, ta sake ci a 2022, a 2024 kuma ta ci wasa 38 ba a cinye ta ko sau ɗaya ba.

Abin da labarinta ya nuna shi ne, gwanintar yi ba ta hana gwanintar koyarwa, ba ta kuma haifar da ita. Baiwa biyu ne, kowace da ma'auninta. Mai yiwuwa ne a same su ga mutum ɗaya, amma sai an gwada ta biyun a kan kanta kafin a sani. Hanyar gwadawa kuwa ita ce a ba mutum ƙaramin abu irin wanda za a ba shi babbansa, a ba shi lokaci, a duba yadda waɗanda ke ƙarƙashinsa suka zama. Thompson ya yi shekara shida da yaran sakandare, Staley takwas a Temple.

Alhakin masu naɗawa

Don me jami'a ta kan kira tsohon gwaninta? Sunansa yana cika zaure da 'yan kallo. Tsofaffin ɗalibai masu kuɗi suna tuna ƙuruciyarsu su buɗe aljihu. Shugabanni kuma suna samun hutu daga zargi, gama wa za ya yi gardama da naɗin ɗan gida wanda hotonsa ke rataye a bango? Ba dukan waɗannan dalilai ne miyagu ba, akwai ƙauna ta gaskiya a ciki. Amma a duba, ba ko ɗaya daga cikinsu da ya dubi yaron da za a horar.

Wahalar ta fi girma ranar da abu ya lalace. Baƙo idan ya kasa, a kan gaya masa a sallame shi. Ɗan gida mai suna kuwa, kunya ta kan rufe bakin kowa. Wa ke da ƙarfin halin da za ya dubi Patrick Ewing a Georgetown ya ce masa aikin nan ya fi ƙarfinka? Bayan wasa 19 ba nasara aka ƙara masa shekara. Mai neman uzuri za ya ce, mutumin da ya kawo kofi wata 12 da suka wuce ya cancanci a yi masa haƙuri, wannan magana ce mai nauyi. Amma haƙurin nan wani ne ya biya kuɗinsa. Ɗalibi shekara huɗu gare shi a ƙa'ida, samari fiye da goma suka ba da ɗaya daga cikin nasu. Shi kansa Ewing aka bar shi a rana yana shan ihun 'yan kallo a gidan da ya ɗaukaka. Tausayin da ya hana a faɗa wa mutum gaskiya, ƙarshensa ya kan ƙara masa kunyar da a ke gudu. Gaskiya ɗaci gare ta, amma da wuri ɗacinta ya fi sauƙi.

Da wane mudu za a auna

Kada mu yi wa Ewing rashin adalci. Yana da suna da dukiya, da ya so da ya zauna gida ana gaishe shi. Ya ɗauki sunan nan ya sa shi a kan mizani domin makarantar da ta rene shi. Ranar da aka sallame shi bai zagi kowa ba, ya gode wa jami'a, ya yi wa ƙungiyar fatan alheri. Kasawa a aiki ba zunubi ba ne, ba ta kuma shafe abin da mutum ya yi a dā. Da lissafin ci da rashi a ke sanin ko mutum ya dace da kujera. Darajar mutumin kansa da wani mudu a ke aunawa.

Akwai wani da ya nuna mana wannan a fili. Tony Bennett ya yi shekara uku kaɗai a NBA, a ƙungiyar Charlotte, daga 1992 zuwa 1995, yawanci daga benci ya ke shigowa, rauni a ƙafa ya fitar da shi. Ya fara horarwa a ƙasar New Zealand, ya yi shekaru yana mataimaki, kana ya zama shugaba. A 2009 ya karɓi ƙungiyar Jami'ar Virginia. Shi mai bi ne da ba ya ɓoye bangaskiyarsa, cikin ginshiƙai biyar da ya kafa wa yaransa kuwa har da tawali'u da hidima da godiya. A 2018 ƙungiyarsa ta shiga gasar ƙasa tana ta ɗaya, sai wata ƙaramar jami'a da aka sa ta 16 a sashenta ta cinye su da maki 74 da 54. Ba a taɓa yin haka a gasar maza ba sai ran nan. Ya fito gaban 'yan jarida ya yabi abokan karawa, bai ɗora wa yaransa laifi ba. Shekara ta kewayo, da yawancin yaran nan, ya ci kofin ƙasa na 2019. Jami'a ta so ta ƙara masa albashi, ya ƙi, ya ce a ƙara wa ma'aikatansa. A watan Oktoba na 2024, yana ɗan shekara 55, ba wanda ya kore shi, ya sauka da kansa. Ya ce yadda wasan jami'a ya sake, ya ga ba shi ne ya fi dacewa ya ja yaran ba. Ya gaya wa kansa gaskiyar da a wani wuri aka rasa mai faɗa.

To, 'yan'uwa, ga amsar tambayarmu. Gwaninta ta isa a girmama mutum, ba ta isa ita kaɗai a ba shi amanar 'ya'yan mutane ba. Duk inda ya zama namu ne mu zaɓi wanda za ya shugabanci ƙanana, bari mu yi tambaya uku kafin mu ɗaga hannu. Ya taɓa koya wa wani har wanin ya iya? Yana iya murna sa'anda aka yabi ɗalibinsa aka manta da shi? Idan abu ya lalace, akwai a cikinmu wanda za ya iya gaya masa, shi kuma ya ji? Idan amsar ta uku babu ce, naɗin za ya cuce shi, ya cuci yaran.

Kai kuma gwani, idan an kira ka, kada ka raina ƙaramar makaranta, gemu ba ya hana neman ilimi. Ka tuna lissafin nan na mutum 60 cikin dubbai. Yawancin samarin da ke gaban koci ba za su taɓa cin abinci da ƙwallo ba. Za su zama malamai da 'yan kasuwa da iyayen gida, abin da za su tafi da shi kuwa shi ne halin da suka gani wurin wanda ya horar da su. Thompson ya san wannan, domin haka ya ajiye ƙwallon da ta sace a inda kowane yaro za ya gan ta, har da Patrick Ewing. Allah ya ba mu shugabanni masu tuna wannan, ya ba mu kuma ƙarfin halin faɗa musu gaskiya cikin ƙauna.